Kafin a Buga Ƙararrawar Gwanjo, Banki Ya Fara Kawo Lissafinsa

Duk ranar da labari ya bazu a Ikara, Makarfi ko Hunkuyi cewa banki zai sayar da gidan wane, hukuncin gari yakan riga na kotu fitowa: ai shi ya ci musu kuɗi. Da wannan magana guda ake rufe zancen. Maƙwabta su yi jaje, dangi su shiga neman ɗakin da iyali za su raɓa, shi kuwa mai gidan kunya ta hana shi ɗaga kai, balle ya yi tambaya. Da wuya a sami wanda zai ce a kawo lissafi a gani, ko a nuna takardar da ta ba bankin ikon sayarwa, ko a faɗi wanda ya saya da abin da ya biya.

Wannan shiru yana da tsada. Bashi hanji ne, kuma cinsa bai tuɓe wa mutum haƙƙinsa ba. Bankin da ke shirin raba iyali da muhallinsu wajibi ne ya tabbatar da abu uku: adadin da yake bi na gaskiya, ikon da yake da shi a kan gidan, da hanyar da zai bi wajen sayarwa. A yadda shari'ar jingina take a Najeriya, dole a yi wannan tabbatarwa kafin gwanjo, domin da zarar an buga ƙararrawa, mafi yawan ƙofofin gyara sun rufe.

Gidan da ake jinginarwa a nan

Bashin sayen gida bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin Najeriya ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cirar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci da alkawarin ba shi rance a kan ruwan kashi 6 har tsawon shekara 30, amma waɗanda suka kai ga samun rancen 'yan tsiraru ne. Saboda haka gidan da ke shiga hannun banki a arewacin Jihar Kaduna galibi gida ne da aka riga aka gina da gumi, ko aka gada, sannan aka jinginar da shi don neman jari. Mai jinginar yakan kasance dillalin rake da mazarƙwaila a Makarfi, ko ɗan kasuwar tumatir da barkono a Ikara, ko mai sayar da taki a Kudan, ko malamin makarantar da ya tsaya wa ƙanensa. In aka sayar da irin wannan gida, abin da ya tafi ya haɗa da ɗakin tsohuwa da rabon marayu.

Kasa biya kuma ba kullum daga mugun nufi yake zuwa ba. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har sai da gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan nomansa. Ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya, wanda yake kashi 11.5 a farkon 2022, ya kai kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024, kuma yawancin takardun rance sun ba banki damar ɗaga ruwa a duk lokacin da kasuwa ta sauya. Wanda ya karɓi rance da lissafin 2021 ya wayi gari yana biya da lissafin 2024. Duk da haka, hujjar da ke tafe ba ta jingina da tausayi ba. Ko ɗan kasuwar da ya ƙi biya da gangan yana da haƙƙin a bi shi abin da ya ci kawai, ta hanyar da doka ta shimfiɗa.

Nawa ne bashin?

Adadin da banki ya rubuta a wasiƙar gargaɗi iƙirari ne, kuma kowane iƙirari yana buƙatar hujja. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana haka a shari'ar Wema Bank da Osilaru ta 2008: takardar bayanin asusu ita kaɗai ba ta isa shaidar bashi ba, sai jami'in banki ya zo ya warware yadda kowace cira ta faru har aka kai ga jimillar da ake nema.

Akwai dalilin wannan tsanani. Ƙa'idar cajin bankuna da Babban Banki ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ta ƙayyade tarar jinkiri a kan rancen naira: kada ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari a wata, kuma a kan abin da aka kasa biya za a ɗora ta. A ɗauka mutum ya ranci naira miliyan biyar, abin da ya makara a kansa miliyan biyu ne. Tararsa ta halal ita ce naira 20,000 a wata. In aka ɗora tarar a kan dukkan miliyan biyar ɗin, ta koma 50,000. Bambancin 30,000 a wata zai zama naira 720,000 cikin shekara biyu, tun ma kafin a lissafa ruwan da za a riƙa ɗora wa wannan ƙarin. Kuskure ɗaya ke nan a layi ɗaya, a cikin takardar da ke iya kai shafi hamsin. Sai a ƙara da kuɗin gudanarwa da aka cira fiye da sau ɗaya, da ƙarin ruwan da ba a sanar ba, da kuɗin lauyan banki da aka jibga wa asusun.

Wannan ba zargi ne daga waje ba. Babban Banki da kansa ya buɗe sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna a 2012, kuma ya sha sanar da cewa ya tilasta wa bankuna mayar da biliyoyin naira da suka cira ba bisa ƙa'ida ba. Waɗanda aka mayar wa kuɗin su ne waɗanda suka san akwai wurin kai ƙara, suka iya ɗaukar akanta ya bi musu asusu layi-layi, suka kuma kai kuka kafin wa'adin shekara shida da aka gindaya a 2015 ya cika. Kamfani a Legas yana iya yin haka. Mai sayar da taki a Kudan yakan karɓi adadin banki kamar yadda ake karɓar ƙaddara.

Ina takardar?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da filin da ke da shaidar mallaka ta gwamna sai da amincewar gwamnan, kamar yadda sashe na 22 ya tanada. Sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan filin da ake riƙe da shi bisa al'ada, sashe na 26 kuma ya rushe duk cinikin da ya saɓa wa dokar. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta soke jingina ɗungurungum saboda babu amincewar gwamna. A shari'ar Union Bank da Ayodare ta 2007 ma akwai takardar amincewa, amma jami'in da ya sa mata hannu ba shi da hurumin yin haka, jinginar ta faɗi.

A karkara matsalar ta fi haka zurfi. Sau da yawa abin da ke tsakanin banki da mai rance shi ne miƙa takardun gida kawai, ba tare da an rubuta cikakkiyar yarjejeniyar jingina an yi mata rajista ba. Doka ta san irin wannan riƙo, amma ba ta ba mai shi ikon sayarwa da kansa ba, sai ya je kotu ya sami umarni. Riƙe takardar gida a akwatin banki daban, mallakar ikon sayar da gidan daban, kuma mutane da yawa suna tattara kayansu ne saboda ba su san bambancin ba.

Sai batun gado. Gidan da mahaifi ya bari, ba a raba ba, na magada ne gaba ɗaya, maza da mata. Babban wa da ya ɗauki takarda ya kai banki ba zai iya jinginar da abin da ya wuce rabonsa ba. Bankin da ya karɓi irin wannan takarda ba tare da ya tambayi su wane ne magada ba, sakacinsa ne, kuma babu adalcin da zai sa ƙannen da ba su ga ko sisin kwabo ba su biya kuɗin wannan sakaci.

Akwai kuma harshe. Takardun jingina da Turancin lauyoyi ake rubuta su, alhali mai sa hannun yana iya zama mahaddacin Alƙur'ani mai rubuta ajami, wanda bai taɓa karanta shafin Turanci ba. Dokar kare wanda bai iya karatu ba ta wajabta a karanta masa takarda, a fassara masa, mai rubutawa kuma ya sa sunansa da adireshinsa a matsayin shaida. Ɗaya daga cikin tsoffin hukunce-hukunce a kan haka daga Zariya ya fito: a shari'ar kamfanin SCOA na Zariya da Okon ta 1959, Kotun Ƙolin Tarayya ta lokacin ta ce iya sa hannu da gane lambobi bai nuna mutum ya fahimci takardar lamunin da ya sa wa hannu ba. Hukuncin ya haura shekara sittin, amma har yau ana miƙa wa mutane biro a nuna musu inda za su sa hannu.

Wanda ke ganin manyan bankuna sun fi ƙarfin irin wannan sakaci ya duba Amurka. A 2010 aka gano cewa ma'aikatan wasu bankuna suna rattaba hannu a kan dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta su ba. Wani ma'aikacin GMAC ya amsa cewa yakan sa hannu a kan kusan 10,000 a wata. A watan Janairun 2011 babbar kotun jihar Massachusetts ta soke sayar da gidaje biyu saboda U.S. Bank da Wells Fargo sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu a ranar da suka sayar. A Fabrairun 2012 bankuna biyar suka amince da sulhun dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49. Tushen ɓarnar shi ne bashin da ya riƙa sauya hannu har takardunsa suka ɓace a hanya. Najeriya ma ta ga irin wannan sauyin hannu: garambawul ɗin 2005 ya rage bankuna daga 89 zuwa 25, hukumar AMCON kuma, wadda aka kafa a 2010, ta sayi basussukan da suka maƙale. Wanda ke buga ƙofa yau yana iya zama na uku ko na huɗu a jerin waɗanda fayil ɗin ya ratsa hannunsu. Tambayarsa takarda ba rashin kunya ba ne.

Yaya aka sayar?

Nan ne dokar ta fi rauni. Tsarin da kotunan Arewa suka daɗe suna bi ya samo asali ne daga dokar cinikin filaye ta Ingila ta 1881. Sashe na 20 na wannan doka ya ce banki ba zai sayar ba sai ya ba da sanarwa an yi wata uku ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya makara wata biyu, ko an karya wani sharaɗi. Sai dai lauyoyin banki sukan sa layi a cikin yarjejeniya da ke cewa mai rance ya yafe wannan kariya. Dokokin gwanjo da jihohi suka gada daga tsoffin yankuna sun nemi a yi sanarwar aƙalla kwana bakwai kafin a yi gwanjon fili. Amma a shari'ar Okonkwo da Co-operative and Commerce Bank ta 2003, Kotun Ƙoli ta ƙi rushe ciniki duk da ƙorafin cewa ba a cika wannan wa'adi ba. Sashe na 21 na dokar 1881 yana kare mai saye, ya bar wa mai gida neman diyya kawai.

Farashi ma haka. Tun a shari'ar Eka-Eteh ta 1973, Kotun Ƙoli ta ce arha ita kaɗai ba ta ɓata ciniki, sai an nuna zamba, ko arhar ta yi munin da ke nuna zamba. Doka ta hana banki sayar wa kansa ko wakilinsa, ta kuma wajabta masa mayar da rarar kuɗi bayan an cire bashi da ɗawainiya. Amma wa zai tabbatar da haɗin baki tsakanin jami'in rance, ɗan gwanjo da mai saye, alhali dukkan takardun suna hannun waɗanda ake zargi? In an buga sanarwa da ƙananan haruffa a jaridar Turanci da ba ta zuwa Hunkuyi, masu taya gida biyu ko uku ne za su hallara, kuma su ne waɗanda aka raɗa wa. Gidan da ya kai miliyan goma sha biyar sai ya tafi a shida, ya zamana ko bashin bai rufe ba. Diyyar da za a samu bayan shekarun shari'a, da nairar da ta zube, ihu ne bayan hari.

Wani lokaci ma ba a jiran gwanjo. Ana zuwa da 'yan sanda, ko a kai ƙorafi wurin hukumar EFCC, don a tsorata mai bashi ya sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya. A shari'ar Diamond Bank da Opara ta 2018, abokin hulɗa ne ya yi ƙorafin an yi masa cajin da ya wuce ƙima, ana cikin duba maganar sai bankin ya kai shi wurin jami'an tsaro, Kotun Ƙoli kuma ta ce EFCC ba hukumar karɓo bashi ba ce. Tun a 1986 kotun ta tsawata wa gwamnatin Legas kanta saboda fitar da Ojukwu daga gida da ƙarfi alhali magana tana gaban alƙali. Abin da aka hana gwamnati ba za a halatta wa manajan reshe ba.

Hujjar bankuna

Bankuna suna da abin faɗa, kuma ya cancanci a saurara. Kuɗin da suke rantawa ajiyar wasu ne, ciki har da fanshon tsofaffi. Akwai masu cin bashi da ke fakewa da umarnin dakatarwa daga kotu zuwa kotu har shekara goma. Hukuncin Ajilo da kansa ya ba wanda ya ci kuɗi damar tsira da laifin da yake da hannu a ciki, abin da Kotun Ƙoli ta ƙi lamunta a shari'ar Ugochukwu ta 1996. In karɓo jingina ya gagara, banki zai ɗaga ruwa ko ya daina ba da rance a garuruwa irin su Ikara, talaka ne kuma zai sha wahalar.

Duk wannan gaskiya ne, amma hujja ce ta a gaggauta shari'a. Ba ta kai ga a yafe wa banki kawo shaida ba. Bankin da lissafinsa ke daidai, takardunsa suke cikakke, ba abin da bincike na mako biyu zai rage masa. Hasali ma rikitattun takardu ne ke ba mayaudarin mai bashi abin riƙewa a kotu. Banki ya cire kuɗin gudanarwa da na binciken takardu da na lauya tun ranar da ya ba da rance, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mutanen wannan yanki sun san jingina tun kafin zuwan banki. A al'ada, gonar jingina tana komawa ga mai ita duk ranar da ya kawo kuɗi, ko bayan shekara nawa ne, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar da wannan ƙa'ida ta al'ada a shari'ar Okoiko da Esedalue ta 1974. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau bai yarda a gindaya cewa abin jingina zai zama na mai bin bashi in wa'adi ya cika ba: sayarwa ake yi, a biya shi haƙƙinsa, a mayar da saura. Al'ada da fiƙihu da dokar Ingila duk sun haɗu a kan cewa jingina amana ce ta tabbatar da biya, ba hanyar mallake dukiyar wani ba.

Abin da Kaduna za ta iya yi

A 2017 Jihar Kaduna ta kafa dokar jinginar gidaje da karɓe su, bisa samfurin da kamfanin NMRC ya tsara, tana cikin jihohin farko da suka yi haka. Manufar ita ce a sauƙaƙa rajista, a kuma rage lokacin da banki ke ɓatawa kafin ya karɓi jingina. Hukumar KADGIS ta mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Sauri abu ne mai kyau in lissafin da ake gudu da shi daidai ne. In kuwa akwai kuskure a cikinsa, saurin zai kai kuskuren ƙofar gidan mutane kafin kowa ya ankara.

Don haka ya kamata Majalisar Dokokin jihar da hukumomin da ke aiwatar da dokar su tabbatar cewa babu gidan zama da zai shiga gwanjo sai an cika sharuɗɗa biyar, waɗanda ba a yarda wani layi a yarjejeniya ya yafe su ba. Na farko, akanta mai zaman kansa ya bi asusun tun daga ranar farko bisa ƙa'idar Babban Banki, a ba mai gida kwafi. Na biyu, banki ya gabatar da yarjejeniyar jingina mai rajista da shaidar amincewar hukuma, tare da jerin duk hannun da bashin ya ratsa. Na uku, a yi sanarwa da Hausa, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da fadar hakimi, a kuma faɗa a rediyo. Na huɗu, masanin ƙimar gidaje mai lasisi ya yanka farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba, a kuma bayyana sunan mai saye. Na biyar, a ba da cikakken lissafin kuɗin ciniki da rararsa cikin wa'adi sananne.

Kafin a kai ga haka, akwai aikin da ya rataya a kan 'yan boko na waɗannan garuruwa. Lauya ko akanta ko malamin jami'a ɗan Makarfi da ke aiki a Kaduna ko Abuja shi ake fara kira in wasiƙar banki ta iso. Abin da aka saba shi ne ya yi faɗa a kan cin bashi, ya tura abin da ya sawwaƙa, ya kashe waya. Abin da ya fi amfani shi ne ya zauna ya rubuta wa bankin wasiƙa da sunan mai gidan, yana neman cikakken bayanin asusu, da takardar tayin rance, da kwafin yarjejeniyar jingina. In an ga cirar da ta saɓa ƙa'ida, a shigar da ƙorafi a rubuce, a karɓi lambar shaida, in wa'adin bankin ya wuce a tura wa Babban Banki. In an riga an sa ranar gwanjo, a garzaya Babbar Kotu kafin ranar, domin umarnin dakatarwa ya fi sauƙin samu a kan rushe cinikin da aka gama. Ƙila binciken ya nuna cewa banki yana da gaskiya har kwabon ƙarshe. In haka ne, sai a biya, ko a nemi mai saye da daraja tun kafin ɗan gwanjo ya iso, iyali su tsira da rarar da za ta kama musu wani matsuguni.